Ƙanena Zundel da Gangar Ruwan Sama

Zundel ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na raine shi, don mahaifiyarmu ta rasu yana rarrafe. Duk garin Kaidan in ka ce Zundel na kantin magani an san shi. In ka ce Zundel Doki ma an san shi, amma kar ka faɗa a gabana. Na ce gara in ba da labarinsa da kaina tun matan kasuwa ba su gama ɓata shi ba.

Tun yana ƙarami ba ya yarda da magana sai ya taɓa da hannunsa. Babanmu noman kokwamba yake a bakin kogi, kamar rabin mutanen garin. Wata rana ya ce masa in kwaɗo ya yi wa mutum fitsari a hannu, ƙuraje ne za su feso. Washegari na tarar da yaron nan a bayan gida, ya damƙe wani ƙaton kwaɗo a hannun hagu yana matsa shi, na dama kuwa ya cusa a aljihu. Wai yana so ya ga ko na hagun kaɗai zai yi ƙurji. Na dirje hannun nan da toka har ya yi ja. Ƙurji bai fito ba. Ya je ya gaya wa Baba, ya sha mari.

Kar kuma a ɗauka ba shi da tsoron Allah. Da haka ne ma da na huta. Yaron da ya taɓa mantawa ya tsoma cokalin nama a kwanon madara, haɗin da addininmu na Yahudawa ya haramta, ya yi kuka har ya shiɗe. Abu biyu ne Allah ya haɗa masa a kai ɗaya, ba ya iya ƙaryata idonsa, ba ya kuma iya taka shari'a. Da ya girma aka tura shi karatun addini birnin Kovno, muna ta murna za mu yi malami a gida. Ba a kore shi ba. An dai ce masa iskar gida za ta fi karɓarsa, don ya ishi kowa da tambayar nan tasa, "Ta yaya aka sani?"

Da ya dawo ya zauna a wurina, Lipman mai kantin magani ya ɗauke shi aikin daka da awo. Lipman ɗin nan namu ne, Bayahude ɗan Bayahude, amma ya aske gemu, yana busa sigari a bayan kanti ranar Asabar, ranar da aka hana mu kunna wuta, yana ganin ba mai jin wari. Shi ne ya sayo madubin likita daga Jamus, wani bututun tagulla mai gilashi a ciki, in ka leƙa ƙwarƙwata sai ka gan ta kamar akuya.

Ran da Zundel ya aro shi ya kawo gida, ina tsaye ina yanka tafarnuwa.

"Yaya Dobe, zo ki gani."

"In ga me? Hannuna na aiki."

"Ɗigo ɗaya ne daga bokitinki."

Ruwan da ɗan garuwa ya kawo mana ne daga kogi da safe, garau, har gindin bokiti kana gani. Na goge hannu na rufe ido ɗaya na leƙa. Ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba. Wasu kamar tafin takalmi masu gashi, suna ninƙaya suna karo da juna. Wani dogo mai yauƙi yana miƙewa yana dunƙulewa. Wani kuma cikinsa a bayyane, kana ganin abin da ya haɗiya yana juyawa. Na tuna da wannan ruwan na yi mana shayi ɗazu. Da ƙyar na kai bakin ƙofa.

Da na dawo na ce masa, "Dattin gilashinka ne."

"Ni ma haka na so ya zama," in ji shi. Ya ɗebo na cikin tukunyar shayi, wanda ya tafasa, ya ɗiga a kan gilashin nan dai. "Leƙa kuma. Ga su nan kwance, ba mai motsi. Datti yana mutuwa ne, Yaya?"

Ni dai na yi amai na kuskure baki, washegari ƙishi ya kama ni na sha ruwa. Haka mutane suke yi. Zundel kuwa ya ɗauko littattafansa.

Shari'armu ta hana cin duk wani mai rai da ke yawo a ruwa in ba shi da ɓawo da fiffike irin na kifi. Wannan ko yarinya ta sani. Abin da ban sani ba sai da ya karanta min, ashe akwai bambanci. In a kogi aka haifi ƙwaron, ko a rijiya mai ido, haram ne, da ransa ko matacce, ko da ɗaya ne a cikin tukunya guda. In kuwa a cikin mazubi aka haife shi, a ruwan da ke zaune wuri ɗaya, bai taɓa barin wurin ba, halal ne, mutum ya sunkuya ya sha abinsa.

To ruwan zaune a gidanmu guda ɗaya ne. Gangar katako ce a gindin indararo, inda ruwan sama ke taruwa, da shi nake wanke daɓe.

Da safe na leƙa ta taga na ga ƙanena, ɗalibin Kovno, ya ɗaure gemu da ƙyalle, ya dafa bakin ganga da hannu biyu, ya yi addu'ar shan ruwa da niyyarsa cikakkiya, ya tsoma baki. Ruwan nan kore ne shar da gansakuka. 'Ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil a ciki, waɗannan ba sai da madubi ba. Kashin tattabaru daga rufi duk nan yake sauka.

Na fita da gudu. "Zundel, ka haukace ne?"

"Waɗannan a nan aka haife su. Halal ne."

"To bari in ɗebo in tafasa maka."

"Da kin ɗiba sun bar inda aka haife su."

"In tace da ƙyalle."

"Wannan ya fi muni, za su hau ƙyallen su sake faɗowa."

"Kai da bakinka ka ce na gangar ya fi na kogi ƙwari."

"Ya fi, nesa ba kusa ba," ya ce, yana share koren abu daga leɓe. "Ba tsabta nake nema ba, Yaya. Halal nake nema."

Daga ran nan ya daina cin duk abin da ruwan kogi ya taɓa. Ba miya, ba shayi, ba burodi, tunda da ruwa ake kwaɓa shi. Madara ya ce da ruwan kogi ake wanke bokiti, kuma duk mun san hannun mai madara. Daren Asabar ma, ruwan zabibin da ake sa wa albarka, ya ce amin ya miƙa wa na kusa. Dankali gasasshe a toka da ɗanyen kokwamba, shi ke nan abincinsa. Ga shi bazarar shekarar nan sama ta ƙi zubowa. Ruwan ganga na ja baya yana kauri, har ya zama sai ya shige da rabin jikinsa, ƙafafu na lilo a waje.

Mijina Getsel amalanken doki yake ja, bakinsa kuwa ba linzami. Yana ɗaura wa doki kaya da safe yana cewa, "Malam Doki, an tashi lafiya? In ƙaro harawa ne?"

"Ka bar shi, Getsel."

"Ni me na yi? Jiya na kawo nawa dokin bakin gangar, ya shinshina ya kau da kai. Shi bai yi karatu a Kovno ba, shi ya sa."

Yaran unguwa suka ji, sunan ya bi gari.

Na ɗaura ɗankwali na tafi wurin Lipman. Na same shi yana cin wani nama da ban tambayi ko na mene ne ba, maiƙo na bin haɓarsa.

"Don Allah ka ce masa madubin nan ƙarya yake."

"In yi wa ilimi ƙarya, uwargida? Madubi gaskiya ya faɗa. Waɗanda suka rubuta littattafan can ba su da gilashi, a duhu suka yi ta lalube. Ya tattara su ya sa a murhu ya sha ruwa kamar mutum."

"Zai mutu fa."

"To kin ga abin da nake faɗa kullum ke nan." Har da lashe yatsa. Daɗi yake ji. Duk wanda ya shigo sayen maganin tari sai ya ba shi labarin yaronsa mai shan ganga, a yi dariya. Ƙanena ya zama masa hujja. Na fito ina jin ƙyamarsa fiye da ta ƙwarin.

Na wuce wurin Reb Gronem, alƙalinmu na shari'a, wanda muke kai wa kaza in mun ga tabo a hanjinta ya ce halal ce ko haram. Tsoho ne tukuf, gemunsa ya yi rawaya da garin taba, azumi yake duk Litinin da Alhamis. Na tsaya a bakin ƙofa na zayyana masa komai.

"Ranka ya daɗe, ka zo ka leƙa ko sau ɗaya."

"In leƙa me, 'yata? Kakanninmu sun sha kogin nan, kuma sun fi mu sani. Gilashi maƙaryaci ne. Ba ki ga cokali yana karyewa a kofin ruwa ba? Ki ce masa ni na ce ya sha."

Na dawo da saƙo har ina tuntuɓe don murna. Zundel ya saurara, ya ce, "Ya leƙa?"

"Bai leƙa ba."

"Da kaza kika kai masa, zai yanke hukunci bai buɗe cikinta ba?"

Ɗaya ya ce a ƙona littafi, ɗaya ya ce a rufe ido, kowa ya koma kan kujerarsa hankali kwance, ni aka bari da mai shan gansakuka.

Abin da ake gudu ya zo. Zawo ya kama shi, daga baya har da jini. Ni ke fitar da fo, ni ke wanke zannuwa, ɗakin nan in ka shiga sai ka toshe hanci. Idanu suka zurma, leɓe ya tsattsage, in ka ja fatar hannunsa sai ta tsaya a tsaye. Ya kasa kai kansa ganga. Likita ya zo ya ce tafasasshen ruwa, cokali-cokali, in ba haka ba a nemi likkafani. Getsel ma ya daina wasa.

Na ce, "Kai ka koya min cewa in rai na cikin haɗari an ɗage doka."

"An ɗage, Yaya. Na sani." Ya karɓi cokali ɗaya, ya riƙe a baki, maƙogwaro ya ƙi, ya dawo da shi kan matashi. Ba taurin kai ba ne. Abin ya riga ya shige masa jiki. "In na warke kuma fa? In koma ganga? Ko dai Allah ya ɗora mana dokar da ba mai iya bi, ko kuwa duk Isra'ila haram take sha tun daga Dutsen Sina'i. Zaɓar min ɗaya."

Madubin yana kan kujera kusa da gadonsa, ya hana a mayar. Ran nan da hantsi ya sa na goge masa ɗan falon gilashin da ake ɗiga ruwa a kai, ina riƙe da shi a hannu, sai ya ce, "In na mutu, ki mayar wa Lipman kayansa."

Kowa ya san abin da ake yi in an ambaci mutuwa a kan mai rai. Na juya na tofa sau uku, tuf, tuf, tuf, don kore mugun baki. Rabin yawun a kan gilashin ya sauka. Na kama gefen zane zan goge.

"Tsaya. Kar ki goge. Sa shi a ƙarƙashi."

"Yawu ne fa, Zundel. Ƙazanta."

"Sa shi."

Na tallafo kansa ya leƙa. Ya daɗe. Sai ya ce in ba shi tsinke. Ya sakace haƙorinsa, ya shafa farin abin nan a gilashi, ya sake leƙawa.

"Je ki kira Reb Gronem. Kar ki ce masa madubi. Ki ce mara lafiya ne ke son ganinsa."

Gaida mara lafiya wajibi ne, ba yadda zai yi. Ya zo yana dogara sanda, ran Alhamis ce, bakinsa da azumi. Ya zauna ya fara karanto addu'a.

Zundel ya ce, "Malam, tun jiya me ya shiga bakinka?"

"Ba komai, ɗana."

"A rayuwarka ka taɓa cin haram?"

"Allah ya kiyaye."

"To ina roƙon abu ɗaya, roƙon wanda ke kwance. Ka ba ni abin da ke tsakanin haƙoranka."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya dube ni, ya dubi yaron, ya ga yadda ya koma. Ya karɓi tsinken. Haƙoran da suka rage masa ba su da yawa, kuma ba zan faɗi kalarsu ba. Abin da ya fito a bakin tsinken nan, ni da na yi makonni ina fitar da fo sai da na kau da kai.

Zundel ya daidaita madubi ya ce, "Ba na kogi ba ne, ba na ganga ba. Naka ne. Ka leƙa."

"Gilashi..."

"Na kan hancinka ma gilashi ne, Malam, kuma da shi kake duba mana kaji."

Reb Gronem ya matso kusa da madubin. Ya tura tabarau goshi, ya kama gemu da hannu ɗaya kar ya shiga, ya sunkuya. Ina jin numfashinsa. Can ya ɗago.

"Suna motsi," ya ce.

"Suna motsi."

"Kamar macizai ƙanana. A bakina." Ya taɓa leɓensa. "Da wannan bakin na yi addu'ar asuba."

"Da shi kake haɗiyar yawu ranar babban azumi. Kai da ni da Yaya Dobe da duk wanda aka taɓa haifa."

Na zaci tsohon zai tashi ya fita da fushi. Sai na ga ya gyara zama, ya ɗaga babban yatsa sama yana murza shi a iska, irin yadda suke yi a ɗakin karatu, muryarsa ta koma ta rera karatu.

"To bari mu gani. In waɗannan haram ne, babu mai tsarki ko ɗaya tun da aka yi duniya."

"Sai dai a ce a baki aka haife su, ba su bar wurinsu ba," in ji Zundel. Mutumin da ɗazu ba ya iya ɗaga kai, ga shi ya dogara da gwiwar hannu.

"Ba ta fitar da kai. Iskar da kake shaƙa fa? Ka duba ta?"

"Ƙura na duba. Akwai."

"To ka daina numfashi mu gani." Ya shaƙi garin taba ya yi atishawa a kan zanen da na wanke jiya. "Wa aka ba dokar nan? Mala'iku?"

"Mutane."

"Masu wane irin ido?"

"Irin namu. Amma tabarau fa, Malam? In gilashi ba ya cikin lissafi, hukuncinka na kaji ya rushe."

"Tabarau yana maido da idon tsoho inda na saurayi yake. Wannan naka yana kai ido inda ba idon ɗan Adam da ya taɓa zuwa. Abin da lafiyayyen ido ke gani a hasken rana, shi aka hana. Abin da ke ƙasa da haka, shari'a ba ta yi magana a kansa ba."

"Ke nan babu su?"

"Akwai su mana, ba yanzu na gan su ba? Na ce maƙaryaci ne, na janye. Gaskiya yake faɗa. Amma ba tambayar halal da haram yake amsawa ba."

Zundel ya koma ya kwanta yana kallon rufi. "Tambayar abin da ke kashe mutum yake amsawa," ya ce a hankali. "Ita kuma shari'a ta ce ka tsare ranka."

"To ka gani. Gangar nan taka ita ce haram ɗin, tun ran farko."

Suka ci gaba, wannan ya kawo, wancan ya warware, fuskokinsu na walƙiya kamar masu cin biki, a kan dattin haƙori. Ni ina tsaye yawu ya taru min a baki, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa.

Sai na ji an ce, "Yaya."

"Na'am."

"Akwai wuta a murhu?"

"Akwai."

"Ruwan kogi. Ki bar shi ya tafasa sosai, kar ki yi sauri."

Ban san yadda na kai kicin ba. Na hura wutar nan har girata ta babbake. Na kawo masa a kofin gilashi, da ɗan ganyen shayi, da guntun sukari ya sa a haƙori. Ya yi addu'a, Reb Gronem ya ce amin. Na kafa wa maƙogwaronsa ido. Ya kurɓa, ƙashin wuyan nan ya hau, ya sauka, ruwa bai dawo ba. Ya sake kurɓa. Getsel na tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi, ya rufe.

Yanzu Zundel ya koma kanti, ya yi kumatu, har wuyan rigarsa na matse shi. Lipman na gaya wa mutane ilimi ne ya ci, a ɗakin ibadarmu kuma ana cewa shari'a ce ta ci, shi ba ya tanka wa kowa. Gida-gida yake bi yana damun mata su tafasa ruwan sha, wasu su ji, wasu su rufe masa ƙofa. Ni dai har yau in mutum na min magana ba na iya kallon haƙoransa. Amma jiya da rana ƙanena ya shanye miyar gwoza, jar saiwar nan tamu mai zaƙi, kwano biyu a gabana, ya side kwanon da burodi, ya ɗago kai ya tambaye ni ko da saura a tukunya.